Farin Gari a Kofin Mai Aski

Shekara ashirin da takwas Mai Aski ya yi yana tsaye a bayan kujera, yana kallon fuskokin mutane ta madubi. A shagonsa na kusa da tashar mota ya koyi abin da ba a koyarwa a aji: mutum yana iya yi maka ƙarya da baki, amma da zarar ka ɗaura masa ƙyalle a wuya ka sunkuyar da kansa, sai fuskarsa ta manta ana kallonta. Yakan ce wa 'yan hira, "Ni in na yi wa mutum aski sau uku, na san ko matarsa na gida ko ta yi yaji." Sai shago ya ɗauki dariya.

Ta hannun dama ciwon ya shigo. Wata Asabar, shago cike da jama'a, injin aski ya suɓuce masa ya faɗa kafaɗar wani direba. Ya ɗauka gajiya ce. Bayan mako biyu almakashi ya ƙi buɗuwa tsakanin yatsunsa. Aka yi ta zaryar asibiti, daga wannan ɗaki zuwa wancan, aka caka masa allurai masu waya a damtse da cinya, har ranar da wata likita mai gilashi ta zaunar da shi da matarsa ta yi musu bayani. Jijiyoyin da ke kai wa tsoka umarni ne suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Hannu zai tafi, ƙafa ta bi, sannan harshe da maƙogwaro, daga ƙarshe numfashi. Babu maganin da ke tsayar da shi, sai dai na rage wahala. Hankali kuwa yawanci yana nan garau.

"Wato maigida na zaune za a kwashe masa kayan ɗaki yana kallo," in ji Mai Aski.

Likita ba ta yi dariya ba. Matarsa ma, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwar da take yi a firamare, ba ta yi ba.

Lahadin da ta biyo baya ya miƙe a coci ya faɗa wa jama'a da bakinsa. Ya ce Ubangijin da ya ara masa hannun nan ya bar shi ya ci moriyarsa shekara da shekaru, in yau ya aiko a mayar masa da kayansa, shi wa ne da zai yi gardama? Mata suka yi ta share hawaye, maza na jinjina kai. Da gaske yake yi a ranar. Sai dai irin wannan magana ta fi sauƙin faɗi a tsaye.

Bayan shekara biyu, duniyarsa ta koma falo. Keken guragu, matashi biyu a bayansa, tawul a ƙirji saboda yawun da ke zuba ba da izininsa ba. Hannuwansa na kwance a cinya kamar na aro. Magana tana fita, amma da nauyi, sai wanda ya saba da shi ke ganewa. 'Ya'yansu biyu suna can wani gari, babbar na aiki, ƙaramar na karatu. Da aka rufe shago aka kawo babban madubin gida, aka rasa inda za a kafa shi, aka jingine shi a bangon falo. Daga inda kekensa yake, madubin na nuna masa lungun da ke bayansa da rabin kicin: kan famfo, kanta, da ƙofar kabad ɗin sama.

Malama ce komai. Ita ke ɗaga shi, ita ke wanke shi, ita ke dama masa abinci ya yi laushi. Kowace safiya kafin ta fita takan ɗora hannunta a kan nasa, ta yi karatu, ta yi addu'a, shi kuma ya tattara ƙarfinsa ya ce amin. Da hutun da makaranta ta ba ta ya ƙare, dole aka nemi mai zama da shi da rana. A nan ne Yaya ta zo.

Yaya ta girme shi da shekara goma sha ɗaya, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har yau kuma Auta take ce masa duk da furfurarsa. Tsohuwar mai sayar da yadi ce, idonta ya saba da gano zare ɗaya da ya kauce. Ta iso da jaka biyu da kwalbar man shafewa, ta tsaya a ƙofar falo ta dube shi, ta ajiye jakar ta fashe da kuka. Da ta gama ta face hanci ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne."

Ba ta sake faɗa a gaban Malama ba. Sai ƙofa ta rufu, takun takalmin Malama ya yi nisa, sannan ta jawo kujera kusa da shi.

"Auta, duk danginmu, daga kakanni har jikoki, wa ka taɓa ji ya narke a zaune haka? Babanmu yana da shekara tamanin yana faskare. Ruwa ba ya tsami banza."

"Likita ta yi bayani," ya ce a hankali.

"Likita ta faɗi sunansa. Ta faɗi wanda ya kawo shi?"

Ya so ya yi dariya, sai ta zame masa tari. Yaya ta goge masa baki, ta bar maganar ta kwana. Ta san sana'arta: ba a tura wa mai saye yadi, ajiyewa ake yi inda idonsa zai kai.

Kwana huɗu bayan haka ta ce, "Ka san matarka na zuba maka wani abu a shayi?"

Ya juyo da ido ya dube ta.

"Farin gari. A gwangwani yake, can bayan kabad ɗin sama, ta rufe shi da robar sukari. Da asuba na fito zan shiga banɗaki na gan ta. Tana jin motsina ta mayar da shi. Ni ban ce komai ba, Allah na gani. Na dai faɗa maka abin da idona ya gani."

Ya rufe ido don ta bar shi. Amma ya riga ya tuna cewa kwanakin nan shayin ya canza. Ya yi kauri, yana bin harshe da wani santsi. Ruwan sha ma haka, har lemon da take matse masa.

Da yamma Malama ta dawo, ta cire takalmi, ta taɓa goshinsa da bayan hannu, ta wuce kicin. Mai Aski ya ɗaga ido zuwa madubi. Ya ga ta ɗora buta, ta ɗauko kofinsa mai hannu biyu, ta zuba. Sannan ta waiga. Waigen ne ya tsaya masa a rai. Ta leƙa lungu, ta saurara, ta ɗaga ƙafa ta miƙa hannu can ƙuryar kabad, ta janye robar sukari, ta sauko da gwangwani. Cokali ɗaya da rabi. Ta juya da sauri, ta mayar da komai yadda yake, ta goge kanta da tsumma.

Ta kawo masa tana murmushi. Ya kurɓa sau ɗaya.

"Shayin nan ya canza," ya ce.

"Madarar ce, Maigida. Wadda muka saba saye ta ƙare a shago."

Ba ta kalle shi ba, bakin kofin take kallo. Shekara ashirin da shida suna tare, ya san fuskarta fiye da tasa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ƙarya take yi masa, kuma ba ta iya ba.

Daga ranar ya zama ɗan sanda a kan kekensa. Abubuwan da da ba ya lura da su suka fara yi masa sallama ɗaya ɗaya. Waya ta yi ƙara, Malama ta duba, sai ta fita tsakar gida ta jawo ƙofa. Ranar Laraba makaranta na tashi ƙarfe ɗaya, ita ba ta shigowa sai huɗu, ta ce taron malamai ne, alhali hannunta na warin sabulun asibiti. Fasto ya zo gaishe shi, ya yi masa addu'a da murya mai daɗi, da zai tafi Malama ta raka shi lungu. A madubi ya gan su sun haɗa kai, ita tana magana ƙasa ƙasa, shi yana gyaɗa kai, har ya ɗan leƙo falo kafin ya amsa mata.

Ya yi ta faɗa da kansa. Ya ce, kai Mai Aski, ka ji bayanin likita da kunnenka, ka ga hoton da aka ɗauka. Matar nan ita ke kwashe kashinka ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Sai wata murya ta ce, to ai shi ne. Shekara biyu tana ɗaukar ƙaton namiji kamar jariri, bayanta ya riƙe, idonta ya faɗa. Wa zai ga laifinta in ta gaji? Ko maganin barci ne, don ya yi shiru ta samu ta huta? Ko wanda ya fi wannan? A shago ya ji labarai iri iri, babu abin da ɗan Adam bai taɓa yi wa ɗan'uwansa ba, kuma duk masu labarin da farko cewa suke yi ba za ta taɓa ba.

Ya roƙi Yesu ya cire masa wannan tunani. Ya roƙa da gaske, kamar yadda bai taɓa roƙon warkewa ba. Amma da safe in Malama ta ɗora hannu a kan nasa ta ce, "Ubangiji, ka riƙe bawanka, ka sauƙaƙa masa," sai ya tsinci kansa yana juya kalmar. Sauƙaƙawa ta wace hanya? Ta gama ta jira amin ɗinsa. Ya yi kamar harshen ne ya ƙi.

Tambayarta kai tsaye ita ce hanya mafi kusa, ya sani. Tsoro ne ya hana shi. In ta sake yi masa ƙarya, shi ke nan, ba shi da sauran wurin tsayawa. In kuma ta faɗi gaskiyar da yake gudu, a hannun wa zai kwana?

Sai ya daina sha daga hannunta. Ta kawo kofi, ya damƙe leɓe. Ta lallaɓa, ta roƙa, ta yi fushi, ya kawar da kai. In ta fita, Yaya ta tari ruwa daga famfo da hannunta ta ba shi. Ruwan ya bi inda bai kamata ba, ya sarƙe shi, ya yi ta tari marar ƙarfi har idonsa ya yi ja, Yaya na bubbuga masa baya.

"Tofar, Auta, tofar. Abin ne ke fita."

Kwana uku ana haka ƙirjinsa ya fara kurkur, jikinsa ya ɗau zafi. Malama ta shigo ta tarar da kofin gilashi a gefensa, da sauran ruwa a ciki. Ta ɗaga shi ta duba.

"Yaya, don Allah na roƙe ki, kada ki ƙara ba shi ruwa haka. In yana jin ƙishi ki jira ni, ko ki ba shi wanda na haɗa na bari a firji."

"Ikon Allah!" Yaya ta tafa hannu. "Yau ruwan ma sai an haɗa? Da me ake haɗa shi, Malama?"

Malama ta dubi mijinta. Ta ɗauki kofin ta shige kicin. Yaya ta juyo ta dube shi. Biri ya yi kama da mutum.

Ranar Lahadi da la'asar Fasto ya zo da ƙaramin akwatinsa na katako. Tun da zuwa coci ya gagara, sau ɗaya a wata yake kawo wa Mai Aski Jibin Ubangiji har gida. Malama ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Fasto ya jera ƙananan kofuna huɗu da faranti, ya zuba ruwan inabi, ya gutsuttsura gurasa, ta Mai Aski ya jiƙa ta don ta yi laushi. Ya ce kowa ya yi shiru ya binciki zuciyarsa, in akwai wanda yake riƙe da ɗan'uwansa a rai, gara ya sauke kafin ya miƙa hannu.

Falon ya yi tsit. Mai Aski ya ji maganar ta sauka a kansa kamar da shi kaɗai ake. Yana cikin wannan sai ya ga Fasto ya ɗauki kofi ɗaya, ya miƙa wa Malama ta gefe. Ta karɓa ta rufe shi da tafin hannu, ta tashi sumul ta nufi kicin.

Idonsa ya bi ta cikin madubi. Robar sukari. Gwangwani. Bakin cokali. A kofin Ubangiji.

Bai san yana da sauran murya irin wannan ba. Ƙara ce ta fito, ba kalma ba, har Fasto ya zabura gurasa ta zube. Malama ta fito da gudu da kofin a hannu.

"Me ya faru? Sarƙewa ce?"

Ya ja numfashi. Kowace kalma sai ya ɗauko ta kamar dutse daga rijiya. "Me kike zuba min?"

Ta tsaya cak.

"Na gani. A madubi. Kullum." Ya huta. "Har a nan ma?"

"Alhamdu lillahi, bakinsa ya buɗe," in ji Yaya, ta miƙe tana gyara ɗankwali. "Fasto, kai ma ka zama shaida. Wata guda ke nan ana ɗura wa ƙanena abin da ba a so kowa ya gani. A fito da gwangwanin."

Malama ba ta dubi Yaya ba. Mijinta take kallo, kuma ya ga lokacin da ta gane. Ba tambayar ce ta gane ba, abin da ke bayan tambayar ne: kofunan da ya ƙi, amin ɗin da ya daina cewa. Ta ajiye ƙaramin kofin a tebur a hankali. Ta koma kicin, ta dawo da gwangwanin da babban kofi na ruwa. A gabansu ta zuba cokali uku, ta juya, ruwan ya yi kauri. Ta kafa kai ta shanye a tsaye, ta dire kofin.

"Fasto, karanta musu abin da ke jiki."

Fasto ya karɓa, bai ko sa gilashi ba, don ya riga ya sani. "Gari ne na ƙara wa ruwa kauri, daga kantin maganin asibiti. Ana ba wa wanda haɗiya ta fara yi wa wuya, don kada ruwa ya zarce masa huhu."

"To me ya sa ake ɓoyewa?" in ji Yaya. "Abin kirki ba ya zama a bayan sukari."

"Saboda shi," in ji Malama. "Maigida, ka tuna ranar da ruwa ya sarƙe ka har leɓenka ya yi baƙi? Da ka dawo hayyacinka me ka ce min? Ka ce ranar da ruwa ya gagare ka, in kira kafinta ya haɗa maka akwatin gawa. Kai wasa kake yi, ni ban ji wasa ba. Washegari na je wurin likita. Ta ce maƙogwaron ne ya fara, ta ba ni wannan. Na ce in ka sani za ka saki jiki ka daina faɗa. Larabar da nake cewa taro, asibiti nake zuwa, ana koya min yadda zan zuƙe maka majina in ta toshe ka." Ta goge ido da gefen hannu. "Shekara ashirin da shida. Ni ce zan kashe ka da cokali?"

Kunya ta rufe shi tun daga kai har inda jikinsa ya daina amsawa. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ya ƙi kwanciya.

"Kin ce madara ce," ya ce.

"Na ce."

"Ƙarya."

"Ƙarya ce."

"Jikina ne ya mutu. Kaina na nan." Ya jira numfashi ya dawo. "Me kuma ta ce?"

Malama ta dubi Fasto. Mai Aski ya ce, "Ni. Ki dube ni."

Ta dube shi. "Ta ce garin ma na ɗan lokaci ne. Nan gaba kaɗan sai an sa maka roba a ciki, ta nan abinci zai riƙa shiga, kuma gara a yi tun numfashinka na da ƙarfi. Ta ce mu daina maganar shekaru, mu koma maganar watanni."

A waje wani na tallan gas, muryarsa ta zo ta wuce. Mai Aski ya ji maganar ta shiga, ta zauna, kuma abin mamaki ba ta kai nauyin abin da ya kwana goma yana ɗauke da shi ba.

Fasto ya yi gyaran murya. "Dattijo, ni ma ina da laifi. Ta faɗa min, na ce ta bi a hankali. Da na ce ta faɗa maka. Ka yafe ni." Ya dubi teburin, ya fara mayar da kofuna cikin akwati. "Wannan ba ya gudu. Zan dawo da shi ranar da kuka kira ni."

Yaya ta koma ta zauna a hannun kujera, ta rufe fuska da ɗankwali. "Ni na goya shi," take cewa. "A bayana ya yi haƙori. Yanzu a ce min haka kawai, babu wanda ya yi, babu wanda zan kama?"

Duk da haka, Litinin da safe ta ɗebi garin a takarda ta ɗaure a bakin zani, ta tafi wani kantin magani da ta zaɓa da kanta, can nesa da unguwar. Ta dawo da rana tana fifita da mayafi.

"Mai kantin ya ce sitaci ne," ta faɗa wa bango. "Sitaci kawai, aka sa masa gwangwani mai kyau." Ta shiga kicin, ta sauko da gwangwanin daga ƙurya ta dasa shi a tsakiyar kanta. Da Malama ta dawo ta ce mata, ba tare da ta haɗa ido da ita ba, "Cokali nawa ake sa wa kofi ɗaya?" Iyakar ban haƙurin da Yaya ta iya ke nan, Malama kuma ta karɓe shi a haka.

Tsakanin mata da mijin ne abin ya ɗauki lokaci. An ba shi maganin ƙirji, zazzaɓin ya sauka. Malama ta ci gaba da komai ba ta rage ko ɗaya ba: wanka, juyi, abinci, karatun safe. Amma hannunta ya zama na ma'aikaciya, yana yin aiki ya ɗauke. Kwana biyu ba ta yi masa hira ba. A na uku, tana sa masa safa kafin ta fita, ya ce, "Malama."

Ta ɗago.

"Ki yafe min."

Ta gama sa safar, ta ja ɗayar. "Ba zargin ne ya fi yi min ciwo ba. Mutum na zaune wuri ɗaya, zuciyarsa za ta yi ta saƙa. Abin da ya ci ni, ka gwammace ka sha ruwan da zai kashe ka da ka tambaye ni sau biyu."

"Tsoro na ji."

"Ni ma tsoron ne ya sa ni ƙarya." Ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar kekensa. "Tunda yau ranar gaskiya ce, bari in ƙarasa. Na gaji, Maigida. Akwai ranar da na shiga banɗakin makaranta na kulle, na ce Ubangiji, in ɗaukarsa za ka yi, kada ka ja masa rai. Na fito ina jin kamar na yi kisa. Shi ya sa da ka yi min wannan kallon ranar Lahadi, wani ɓangare na zuciyata ya ce an kama ni."

Ya so ya ɗora hannu a kanta. Hannun na nan a cinya, bai ji kira ba.

"Ni ma na roƙa," ya ce. "Sau da yawa." Ya huta. "Ashe layi ɗaya muke bi zuwa wurin Ubangiji. Shi ya sa ya cushe."

Dariya ta ƙwace mata tare da kuka, ta ɗora goshi a gwiwarsa. Ranar ta makara zuwa makaranta.

Laraba tare suka je asibiti, su uku, Yaya na riƙe da jakar tawul tana yi wa direban tasi faɗa kan ramuka. Likita ta fara bayani tana kallon Malama, kamar yadda ta saba. Mai Aski ya bari ta kai tsakiya, sannan ya ce, "Likita, ga mai kayan nan." Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta fuskance shi, ta sake daga farko. Ya yi tambayoyinsa, kowace ɗaya ta ci minti guda, ta jira. Ya tambayi ko zai ji zafi. Ya tambayi yadda ƙarshen yake zuwa, da abin da za a iya yi don kada ya firgita. Ta amsa ba ta ɓoye ba. Ya ce a sa robar. Na'urar taimakon numfashi da ta ambata kuwa, a ba shi lokaci ya yi addu'a a kai tukuna.

Da suka dawo gida ya ce a kira yaran, kuma shi zai faɗa musu. Malama ta haɗa su biyun a waya ɗaya, ta ƙara murya, ta riƙe masa kusa da baki.

"Baba! Ya jiki?" in ji babbar.

"Ku saurara," ya ce. "Akwai magana. Zan yi jinkiri."

Ya fara. A jimla ta biyu harshen ya maƙale a kan wata kalma, ya gwada, ta ƙi, ya sake gwadawa. Malama ta san kalmar, ta buɗe baki za ta ƙarasa masa. Sai ta haɗiye ta, ta gyara riƙon wayar, ta goge masa leɓe da tawul.

"Muna jinka, Baba," in ji ƙaramar daga can. "Ba ma sauri."